A Wurin Aiki, Saurare Ma Aiki Ne

Zuwa ga Edita,

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da dukan ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan wani al'amari da ake yawan raina shi, wato yadda mutane ke magana da juna a wuraren aikinsu da kuma yadda suke sauraron juna. Idan aka tashi lissafa abubuwan da ke hana ma'aikatu ci gaba, akan ambaci ƙarancin kayan aiki da jinkirin albashi da rashin horo, kuma duk waɗannan gaskiya ne. Amma akwai wata asara da ba ta shiga littafin akanta, ga shi kuwa kullum ana tafka ta a ofisoshi da asibitoci da masana'antu da makarantu, ita ce asarar maganar da ya kamata a faɗa amma aka haɗiye ta, ko kuma aka faɗa ba a samu kunnen da ya tsaya ya ji ba. Abin da nake so in tabbatar a wannan wasiƙa shi ne, ladabin magana da natsuwa wajen saurare su ne hanyar da gaskiya ke bi ta isa wurin mai yanke hukunci kafin ɓarna ta auku, kuma duk shugaban da ya toshe wannan hanya da tsawa ko da ko-in-kula, kansa ya makantar.

Bari in fara da inda kuskuren magana ya fi saurin nuna illarsa. A ranar 27 ga Maris, 1977, wasu manyan jiragen sama biyu ƙirar Boeing 747, ɗaya na kamfanin KLM na ƙasar Holan, ɗaya na kamfanin Pan Am na Amurka, suka yi karo a kan titin tashi a tsibirin Tenerif na ƙasar Sifaniya, mutum 583 suka rasu. Har yau ba a yi hatsarin jirgin sama da ya ci rayuka kamar wannan ba. Hazo ya rufe filin a ranar, matuƙan jiragen ba sa ganin juna, ma'aikacin hasumiyar da ke ba jirage umarni ma ba ya ganin su, saboda haka magana ta rediyo ita kaɗai ce ta rage musu. Matuƙin jirgin KLM ya ɗauka an ba shi izinin tashi alhali ba a ba shi ba, sannan saƙonni biyu suka haɗu a lokaci guda a kan rediyo, ƙara ta danne mafi muhimmancin abin da aka faɗa. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, a cikin ɗakin tuƙin jirgin KLM akwai wanda ya yi shakka. Injiniyan jirgin ya tambaya ko ɗayan jirgin ya riga ya bar titin, matuƙin ya amsa masa da tabbaci cewa ya bari, aka ci gaba da gudu. Wannan matuƙi yana cikin manyan ƙwararrun kamfanin, shi ne ma yake jagorantar horar da matuƙan irin wannan jirgi, kuma ba a sake matsa masa da tambayar ba.

Masu harkar jiragen sama ba su tsaya a kan jimami ba, sun koma sun gyara yadda ake magana. Aka tsananta dokar cewa idan hasumiya ta ba da umarni, dole matuƙi ya maimaita shi da bakinsa domin wanda ya bayar ya ji ko an fahimce shi daidai. Aka keɓe kalmar da ke nufin tashi, ba a furta ta sai a lokacin ba da izinin tashin ko soke shi. Daga farkon shekarun 1980 kuma kamfanonin jirage suka fara koya wa ma'aikatansu wani darasi na musamman a kan aiki tare, inda ake koya wa ƙarami yadda zai faɗi damuwarsa a fili cikin girmamawa, ake kuma koya wa babba cewa nemo ra'ayin na ƙasa da shi yana cikin aikin da ake biyansa dominsa. To, idan mutanen da suka yi dubban sa'o'i suna tuƙa jirgi ba su ɗauki maimaita umarni a matsayin raini ba, ban ga dalilin da zai sa darakta ya ɓata rai don sakatarensa ya ce, “Yallaɓai, bari in maimaita in ji ko na gane,” ba. Takardu nawa aka aika inda bai kamata ba, kaya nawa aka sayo ba irin waɗanda ake so ba, saboda an ba da umarni ana tafiya, wanda aka ba kuma ya ji nauyin sake tambaya? Hausawa suka ce mai tambaya ba ya ɓata, amma sai inda aka ba shi damar tambayar.

Fannin lafiya ya ari wannan darasi. A shekarar 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da wata takarda mai ɗauke da abubuwa 19 da za a riƙa bi ana tabbatarwa a ɗakin tiyata. Ɗaya daga cikinsu, wanda mutane da dama suka ga kamar ɓata lokaci ne, shi ne kafin a sa wuƙa kowa da ke ɗakin ya faɗi sunansa da aikinsa, tun daga likitan tiyata har zuwa ma'aikaciyar jinya. Hikimar ita ce, wanda ya riga ya buɗe baki sau ɗaya aka saurare shi, zai fi samun ƙarfin halin sake buɗewa idan ya ga abin da ba daidai ba. An gwada takardar a asibitoci takwas a ƙasashe takwas, masu arziki da matalauta, kuma sakamakon da aka wallafa a 2009 ya nuna mace-mace bayan tiyata sun ragu daga kashi 1.5 zuwa kashi 0.8 cikin 100. Adalci ne in ƙara da cewa wani binciken da aka wallafa a 2014 a kan asibitocin lardin Ontario na Kanada, bayan an wajabta amfani da irin wannan takarda, bai ga raguwa mai yawa ba. A fahimtata wannan ya ƙara ƙarfafa batun ne, domin takarda ba ta saurare, mutum ne ke saurare, kuma idan aka mayar da ita abin cikewa kawai don a sallami hukuma, to ba a taɓa ainihin matsalar ba.

Wani zai iya cewa ai gatsali da tsawa halin mutum ne kawai, ba su hana aiki tafiya, kuma wanda aka yi wa ya daure. Binciken da aka wallafa a 2015 a kan ƙungiyoyi 24 na likitoci da ma'aikatan jinya masu kula da jarirai a Isra'ila ya nuna akasin haka. An ba kowace ƙungiya gwajin ceto jariri bakwaini, da mutum-mutumin jariri, aka ce musu wani ƙwararre daga waje yana kallonsu. Wasu ƙungiyoyin wannan ƙwararre ya yi musu magana ta yau da kullum, wasu kuwa ya jefa musu 'yan kalmomin raini waɗanda ba su ma shafi aikin da suke yi a lokacin ba. Waɗanda aka raina sun fi yin rauni wajen gano cutar da wajen aiwatar da magani, kuma masu binciken sun gano cewa babban dalili shi ne sun rage gaya wa juna abin da suka lura da shi, sun kuma rage neman taimakon juna. Waɗannan fa ƙwararru ne, kuma rainin bai wuce 'yan jimloli ba. Mutumin da aka ci wa fuska, rabin hankalinsa yana kan abin da aka yi masa, yana juya shi, yana tsara amsar da bai samu damar bayarwa ba, sai ragowar rabin ne ke kan aiki. Haka nan a 2013 malamai biyu, Christine Porath da Christine Pearson, sun wallafa sakamakon tambayoyin da suka yi wa manajoji da ma'aikata 800 a fannonin sana'a 17. A cikin waɗanda aka taɓa wulaƙantawa a wurin aiki, kashi 48 cikin 100 sun ce da gangan suka rage ƙwazo, kashi 12 kuma sun ce saboda haka suka bar aikin. Ma'aikatar da mutanenta suka rage ƙwazo haka ba za ta ga wannan a rubuce a ko'ina ba, sai dai ta ga aiki yana ja da baya ta rasa dalili.

Akwai kuma abin da ya kamata kowane shugaba ya yi wa kansa tambaya a kai, wato yaushe rabonsa da jin mummunan labari daga bakin na ƙasa da shi. Farfesa Amy Edmondson ta Jami'ar Harvard, a wani bincike da ta yi a asibitoci a shekarun 1990, ta zaci cewa sassan da suka fi kyakkyawan shugabanci da zaman lafiya tsakanin ma'aikata su ne za su fi ƙarancin kurakurai wajen ba da magani. Sai ta tarar da cewa su ne suka fi yawan kurakuran da aka rubuta. Da ta bi diddigi sai ta gano cewa a waɗannan sassa mutane ba sa tsoron faɗin kuskurensu, a sauran kuwa ana rufewa. Saboda haka shugaban da kullum ake ce masa “komai lafiya lau” bai kamata ya yi barci da wannan ba. Mai yiwuwa ne ya koya wa mutanensa, ta hanyar yadda ya karɓi wanda ya kawo masa matsala a baya, cewa kawo matsala laifi ne. Hanyar gyara ba ta da wuya, amma tana buƙatar danne zuciya. Idan ma'aikaci ya zo ya ce ya yi kuskure a lissafi, ko injin ya fara wata ƙara, ko abokin ciniki ya fusata, kalmar farko da ya kamata ya ji ita ce godiya da ya zo da wuri, sannan a koma kan yadda za a gyara, a bar batun hukunci zuwa lokacinsa idan akwai buƙatarsa.

Shi kansa sauraren, mutane da yawa suna tsammanin suna yin sa alhali jiran nasu lokacin magana suke yi. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 1984 ya gano cewa likitoci sukan katse marar lafiya bayan kimanin daƙiƙa 18 da fara bayaninsa. Uzurin da akan bayar shi ne babu lokaci, kuma idan aka bar mutum ba zai daina ba. Amma da aka gwada a wani asibiti a birnin Basel na ƙasar Suwizalan, aka bar marasa lafiya su yi bayani ba tare da katsewa ba, sakamakon da aka wallafa a 2002 ya nuna yawancinsu sun gama cikin ƙasa da minti biyu. Abin da ke faruwa a ɗakin likita shi ne ke faruwa a ɗakin taro. Mai kawo bayani yakan fara da abin da ya fi sauƙin faɗa, ya bar mai nauyin zuwa ƙarshe, saboda haka wanda ya katse shi a tsakiya ya ɗauki ɓawon ya bar ƙwayar. A yanzu kuma wayar hannu ta ƙara dagula lamarin. Mutum yana yi maka bayani, idonka yana kan waya, kana cewa “ina jin ka, ci gaba,” shi kuwa ya san ba ka jin sa, sai ya taƙaita, ya tsallake abin da ya kawo shi, ya fita. Gara ka ce masa ya dawo bayan rabin sa'a, idan ya dawo ka kife wayar ka dube shi, da ka ba shi rabin kunne yanzu.

Sai dai kada a ɗauka nauyin duka yana kan manya ne. Akwai wani nau'in ladabi da yake cutarwa, shi ne wanda ke sa ƙarami ya yi ta kewaye-kewaye har maganar ta rasa kai, don gudun kada a ce ya yi wa babba gyara. A watan Disamba na 1978 wani jirgin kamfanin United ya yi ta shawagi kusan sa'a guda a kusa da birnin Portland na Amurka, hankalin matuƙin yana kan matsalar tayoyin sauka, har mai ya ƙare jirgin ya faɗi, mutum 10 suka rasu. Abokan aikinsa sun ambaci batun man, amma masu bincike sun gano cewa ba su faɗe shi da ƙarfin da zai sa ya farga ba. Girmama mutum bai hana a gaya masa magana sarai ba. Ma'aikaci yana iya cewa, “Hajiya, ina da damuwa a kan wannan kwangila, adadin da ke shafi na biyu bai yi daidai da na shafi na biyar ba, ina ba da shawarar kada a sa hannu sai an duba.” A cikin wannan jimla akwai girmamawa, akwai abin da aka gani, akwai abin da ake so a yi, kuma ba a bar wa mai sauraro aikin hasashe ba. Wanda ya ga rami ya yi shiru saboda kunya, sannan bayan an faɗa ya ce dama ya lura, bai kyauta wa shugabansa ba, bai kuma kyauta wa amanar da aka ba shi ba.

Game da gyara kuskure, ina ganin babu abin da ke karya zuciyar ma'aikaci kamar a ci masa mutunci a gaban abokan aikinsa, balle a gaban waɗanda yake shugabanta ko a gaban baƙi. Gyaran da aka yi a keɓe, aka ambaci aikin da aka ɓata ba tare da an zagi mai aikin ba, shi ne wanda ake tunawa a yi amfani da shi. Wanda aka yi a bainar jama'a, zafin kunyar kawai ake tunawa. Ina kuma so in ja hankali ga waɗanda ba a cika lissafawa da su ba idan ana wannan zance, wato masinja da direba da mai gadi da mai shara. Su ne sukan fara ganin wayar lantarki da ta fara ƙonewa, da ƙofar da aka bari a buɗe, da baƙon fuskar da ke yawan zagaya harabar ma'aikata. Wanda bai taɓa amsa gaisuwarsu ba, bai san sunansu ba, sai dai “kai, zo nan,” kada ya yi mamaki idan sun ga abu sun kama bakinsu. Haka mata da sababbin ma'aikata a wurin taro, sau da yawa akan katse su, ko kuma su kawo shawara a share, can an jima wani babba ya maimaita ta a yi masa tafi. Aikin mai jagorantar taro ne ya ce a bari ta gama, ya kuma mayar da shawara ga mai ita.

Rubutaccen saƙo ma yana da nasa ladabin, kuma shi ya fi saurin jawo rashin fahimta domin ba ya ɗauke da murya ko fuska. Jimlar da mai rubutu ya ɗauka gajarta ce kawai, mai karatu yana iya ɗaukarta a matsayin fushi. Saƙon aiki, ta imel ne ko ta WhatsApp, ya kamata ya faɗi abin da ake so, da wanda zai yi, da ranar da ake buƙata, kuma wanda ya karɓa ya nuna ya gani ko da bai shirya cikakkiyar amsa ba, domin barin mutum yana jira cikin duhu shi ma wulaƙanci ne. Tura wa ma'aikaci tsawa a zauren da mutum hamsin ke karantawa daidai yake da yi masa ita a tsakiyar ofis, har ma ta fi muni domin rubutu ba ya gogewa. Sannan akwai batun lokaci. Tun daga watan Janairu na 2017 dokar ƙwadago ta Faransa ta wajabta wa kamfanonin da ke da ma'aikata 50 ko fiye su tattauna da ma'aikatansu a kan haƙƙinsu na rashin amsa saƙonnin aiki bayan an tashi. Ko inda babu irin wannan doka, hankali ya isa ya nuna cewa saƙon da zai iya jira har safiya bai kamata ya tashi mutum da tsakar dare ba.

Na san akwai shugabannin da za su ce idan suka sassauta harshe za a raina su, aiki ya lalace. Ina girmama damuwarsu, domin gaskiya ne akwai malalata da masu ha'inci, kuma wurin aiki yana buƙatar tsari da hukunci. Amma tsanani a kan ingancin aiki daban, wulaƙanta mutum daban. Ana iya mayar wa ma'aikaci rahotonsa sau uku ya sake, ana iya ba shi takardar gargaɗi, ana iya ma sallamarsa, duk ba tare da an ɗaga murya ko an ambaci iyayensa ba. Duniya ma ta fara ɗaukar wannan a matsayin haƙƙi. A watan Yuni na 2019 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta amince da Yarjejeniya mai lamba 190 a kan cin zarafi da tsangwama a fagen aiki, wadda ta fara aiki a 2021, kuma ta haɗa har da abin da ake yi wa mutum ta saƙonnin waya da na intanet da suka shafi aiki.

Roƙona ga masu ɗaukar ma'aikata da ƙungiyoyin ƙwadago da cibiyoyin horo shi ne su sa wannan a cikin abin da ake koyarwa da gwaji, kamar yadda ake koyar da kwamfuta ko lissafin kuɗi. A zaunar da sabon ma'aikaci ya gwada yadda zai kai wa shugabansa labarin da ba zai yi masa daɗi ba, a zaunar da sabon shugaba ya gwada yadda zai karɓa. A wuraren da ake aikin karɓa-karɓa, a ware 'yan mintoci na miƙa aiki baki da baki, mai shiga ya maimaita abin da mai fita ya bar masa. Idan kuma za a yi wa mutum ƙarin girma zuwa muƙamin da zai shugabanci wasu, a tambayi waɗanda suka yi aiki a ƙarƙashinsa, a asirce, ko sukan iya zuwa wurinsa da matsala, kuma a sa amsarsu a cikin ma'auni.

Na gode da filin da ka ba ni. Allah ya ƙara wa jaridarku albarka.

Naka,
Wani mai karatu